Tazarar haihuwa: Yadda ake lissafin maganin da zai ishi matan Paraku da Jugu

Babu ɗan kasuwar da bai san ciwon abu biyu ba, wato kwantai da yankewar kaya. Wanda ya yi sarin goro fiye da abin da kasuwa za ta ɗauka, zai zuba ido yana kallon jarinsa yana lalacewa a cikin huhu. Wanda kuma ya sara kaɗan, mai saye zai zo ya tarar babu, ya wuce rumfar gaba, wataƙila ma ba zai ƙara waiwayarsa ba. Fataken da suka riƙa bin hanyar Gwanja daga Kano da Sakkwato, suna yada zango a Nikki da Jugu kafin su isa Salaga, da irin wannan lissafi suka rayu: jakai nawa, guzurin kwana nawa, kaya nawa kasuwar gaba za ta ci.

Irin wannan lissafi ne ma'aikatan lafiya a Jamhuriyar Benin suke yi a kan magungunan tazarar haihuwa, wato allura da ƙwayoyi da ashanar fata da robar mahaifa da kwaroron roba. Sai dai kuma a nan asarar ta fi ta goro nauyi. Matar da ta baro ƙauyensu a kan kabu-kabu ranar da allurarta ta cika, aka ce mata babu, ba ta da rumfar gaba da za ta leƙa. Idan aka ɗauki makonni ba a kawo ba, tana iya samun ciki alhali ɗan da ke bayanta bai fara tafiya ba, abin da iyayenmu mata ke kira kunika, suke kuma gudunsa tun kafin zuwan asibiti.

Abin da alƙaluma suka nuna

Binciken lafiyar jama'a da gwamnatin Benin ta gudanar a shekarar 2017 zuwa 2018 ya nuna cewa mace ɗaya a ƙasar tana haihuwar 'ya'ya 5.7 a matsakaicin lissafi. Cikin matan aure, kashi 12 cikin 100 ne ke amfani da hanyar tazara ta zamani, yayin da kashi 32 cikin 100 suka ce suna son su huta ko su dakata amma ba sa amfani da komai. Wato masu buƙata da ba su samu ba sun ninka masu amfani fiye da sau biyu. Binciken ya kuma nuna cewa mata 391 ne ke rasuwa ta dalilin ciki da haihuwa a cikin kowace haihuwa 100,000.

Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar cewa mace ta jira aƙalla wata 24 bayan ta haihu kafin ta sake ɗaukar ciki. Wannan bai yi nisa da abin da Bahaushe ya sani ba na shayar da yaro shekara biyu kafin yaye, kuma shi ya sa yawancin matan da ke zuwa asibiti a arewacin Benin hutu suke nema tsakanin haihuwa da haihuwa.

Gwamnati ta daɗe da amincewa da wannan aiki. A ranar 3 ga Maris 2003 ta kafa dokar lafiyar haihuwa. A watan Fabrairun 2011 ta shiga ƙawancen da ƙasashe tara masu amfani da Faransanci suka ƙulla a Wagadugu, wanda ya haɗa har da Nijar da Togo da Burkina Faso. A shekarar 2013 kuma ta yi alkawarin kai yawan masu amfani da hanyar zamani zuwa kashi 20 cikin 100 kafin ƙarshen 2018. Alƙaluman da ke sama sun nuna ba a kai ga wannan buri a kan lokaci ba. Dalilan suna da yawa, akwai tsoro da jita-jita da nisa da rashin kuɗi, amma cikinsu akwai wanda ake iya gyarawa da alƙalami da takarda, shi ne yankewar kaya a asibiti.

Hanyar da kaya ke bi

Ba a ƙera waɗannan magunguna a Benin. Daga masana'antun Turai da Asiya ake yo odarsu, su sauka a tashar jiragen ruwa ta Kwatano, kuma daga ranar da aka yi oda zuwa ranar da kwantena za ta sauka ana ɗaukar watanni. Shekara da shekaru babban siton magunguna na gwamnati da ake kira CAME ne ke karɓarsu, yana da rassa a Paraku da Natitingu domin arewacin ƙasar. A shekarar 2020 gwamnati ta maye gurbinsa da wani kamfani nata mai suna SoBAPS, wanda ya gaji wannan aiki.

An kasa ƙasar zuwa yankunan lafiya 34, kowanne da ƙaramin sitonsa da ke rarraba wa asibitocin da ke ƙarƙashinsa. Paraku tana yanki ɗaya da N'Dali, ita kuwa Jugu tana tare da Kopargo da Wake, garin da ke bakin iyakar Togo. Ke nan kwalbar allura ɗaya sai ta bi hannu huɗu kafin ta kai ga mai buƙata: babban sito a Kwatano, reshe a arewa, siton yanki, sannan ɗakin ungozoma. Tsakanin Kwatano da Paraku kaɗai akwai fiye da kilomita 400, daga Paraku zuwa Jugu kuma fiye da kilomita 130.

Kaya daga kudu suke tasowa, amma labarin abin da ake buƙata daga ƙauye yake tashi. Ungozoma ce ke rubuta abin da ta bayar da abin da ya rage mata a katin sito, ta aika rahoton wata ga yanki, yanki ya shigar a kwamfuta, ya isa ma'aikatar lafiya. Da waɗannan rahotanni ne ma'aikatar take zama da abokan aikinta, irin su asusun kula da yawan jama'a na Majalisar Ɗinkin Duniya da ƙungiyar ABPF mai asibitocin tsarin iyali da ƙungiyar ABMS mai rarraba kaya ta hanyar shaguna, su tsara jadawalin abin da za a sayo da lokacin da kowace oda za ta iso. Idan ungozoma ta yi kuskure a katinta, kuskuren zai bi wannan hanya har Kwatano.

Yadda ake yin lissafin

Hanyoyi uku aka fi bi, kuma mai hankali yakan gwada dukkansu ya ga inda suka haɗu.

Ta farko ita ce duba abin da aka bayar a baya, kamar yadda mai shago ke duba littafin cinikinsa. Ana tara abin da ya fita a watanni uku, a raba uku, a samu abin da ke fita a wata. To amma a nan akwai wani rami da ke cin mutane da yawa. Bari mu ba da misali. A ce wani ƙaramin asibiti ya yi allura 60 a watan farko, 66 a wata na biyu, 30 a wata na uku. Wanda ya tara ya raba zai ce 52 ake buƙata a wata. Amma idan aka duba kati aka ga cewa a wata na uku kwana 15 aka yi babu allura ko ɗaya, to ashe 30 ɗin nan cinikin rabin wata ne, da kaya sun isa da 60 aka yi. Lissafin gaskiya ke nan 62 a wata. Idan asibitin yana ɗaukar kayan wata uku ne, mai lissafin farko zai nemi 156, mai na biyu ya nemi 186. Bambancin kwalba 30 ne, wato mata 30 da za a ce wa su dawo wani lokaci. Abin da ya fi muni shi ne, yankewar da za ta biyo baya za ta ƙara rage lissafin wata mai zuwa, a yi ta neman kaɗan ana samun kaɗan, alhali mata suna nan suna jira.

Da wannan adadi na wata ne kuma ake sanin kwana nawa kayan da ke hannu za su kai. Mai kwalba 124 a sito, yana fitar da 62 a wata, ya san yana da na wata biyu. Kowane sito yana da iyaka ta ƙasa da idan kaya suka sauko gare ta dole a yi oda, da iyaka ta sama da ba a so a wuce domin kada magani ya tsufa a ajiye.

Hanya ta biyu ita ce duba rajistar asibiti: mata nawa suka zo, sababbi nawa, tsofaffi nawa, me kowace ta zaɓa. Ta uku kuma ita ce ta yawan jama'a. Ƙidayar shekarar 2013 ta ba ƙaramar hukumar Paraku mutum 255,478, ta Jugu kuma 267,812. Daga irin wannan adadi ake ƙiyasta yawan matan da ke shekarun haihuwa, a fitar da kason masu amfani da tazara, sannan a juya su zuwa kaya. Allurar Depo-Provera ta wata uku ce, don haka mace ɗaya tana buƙatar kwalba 4 a shekara, kowace da sirinjinta. Ta Noristerat ta wata biyu ce, kwalba 6 ke nan. Mai shan ƙwaya ana yi mata lissafin kati 15 a shekara, ko da yake 13 take shanyewa, saboda wanda ke ɓata ko ya lalace. Kwaroron roba kuwa ana lissafa guda 120 ga ma'aurata a shekara.

Ashanar fata lissafinta daban ne. Jadelle mai sanda biyu tana aiki shekara 5, Implanon mai sanda ɗaya shekara 3. Matar da aka sa wa bana ba za ta nemi wata baɗi ba, saboda haka sababbin masu so da waɗanda tasu ta cika kaɗai ake ƙirgawa. Sannan ba ita kaɗai ake saye ba, sai da safar hannu da allurar kashe zafi da kayan cirewa. Idan ashana tana sito amma babu safar hannu, ko ungozomar da ta iya sawa an yi mata canjin wurin aiki, daidai yake da babu.

Ita wannan ashana ta taɓa birkita lissafin ƙasashe da dama. A shekarar 2013 kamfanonin da ke yin ta suka rage farashinta da kusan rabi, ta koma dala 8.50 ta Amurka, bayan masu ba da tallafi sun yi musu alkawarin sayen adadi mai yawa na wasu shekaru. Nan da nan mata suka koma kanta, har binciken 2017 zuwa 2018 ya nuna ita ce hanyar da matan aure suka fi amfani da ita a Benin. Duk wanda ya dogara da cinikin bara kaɗai a irin wannan lokaci, zai tara ƙwayoyin da ba a nema, ya rasa ashanar da ake layi a kanta.

Garuruwan iyaka sun fi wuyar ƙirge

Ƙidaya tana ƙirga wanda ke kwana a gari ne, amma asibitin da ke kusa da babbar kasuwa yana karɓar har da baƙi. Kasuwar Arzeke ta Paraku tana tara mutane daga Nikki da Cikanda ta ɓangaren Nijeriya, da masu saukowa daga Malanbil da Kandi. Jugu kuwa mahaɗar hanyoyi ce tun zamanin fatake, ta Natitingu da ta Paraku da ta Savalu da wadda ke shiga Kara a Togo. Ga Fulani makiyaya da ke tafiya da yanayi, ga matasan Donga da ke tafiya ƙwadagon noma Nijeriya su yi watanni, wani lokaci da iyalansu. Matar da aka yi wa allura a Jugu a watan Janairu tana iya kasancewa a Kamba ko Gaya a watan Afrilu. A rajistar Jugu za a ɗauka ta daina, a can kuma a rubuta ta a matsayin sabuwa.

Farashi ma yana juya akalar mutane. Nijar ta mayar da magungunan tazara kyauta a asibitocin gwamnati tun 2006, Nijeriya ta yi haka a 2011. Ita kuwa Benin tana cikin ƙasashen farko da suka rungumi tsarin Bamako na 1987, inda asibiti ke sayar da magani ya juya kuɗin ya sake sayo wani. Inda ake biya, zuwan mata yakan bi lokacin da kuɗi ke hannu, kamar bayan an sayar da auduga ko doya. Inda kuma aka yi gangamin bayarwa kyauta na 'yan kwanaki, kayan wata uku suna iya ƙarewa a mako guda idan ba a yi tanadinsu tun farko ba.

Sai kuma rufe iyaka, wanda mai karatu ya fi kowa sanin zafinsa. Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai, an rufe gadar da ke tsakanin Malanbil da Gaya, motocin kaya suka yi dogon layi, har da kayan agaji da magungunan da aka nufi Nijar da su daga tashar Kwatano. Benin ta buɗe nata ɓangaren a Fabrairun 2024, Nijar kuwa ta bar nata a rufe a lokacin, mutane suka koma ƙetarawa da kwale-kwale. Duk lokacin da irin wannan ta faru, yawan masu zuwa asibitocin bakin hanya yakan canza ba shiri, cinikin bara kuma ya daina zama ma'auni.

Wa ke biyan kuɗin?

Ko lissafi ya fita daidai, sai da kuɗi ake sayo kaya, kuma mafi yawan kuɗin sayen waɗannan magunguna a yammacin Afirka daga waje yake zuwa. Masu iya magana sun ce kwaɗayi mabuɗin wahala, mai dogaro da tukunyar wani kuwa ba shi da ikon cewa ga lokacin da za a sauke. A shekarar 2021 Ingila ta zabtare kashi 85 cikin 100 na gudummawar da ta yi alkawari ga shirin Majalisar Ɗinkin Duniya mai sayo waɗannan kaya. A shekarar 2025 gwamnatin Amurka ta rushe hukumarta ta ba da agaji, USAID, wadda ta daɗe tana sayo magungunan tazara tana kuma horar da masu kula da sito a Benin da maƙwabtanta, ta kuma janye tallafinta ga asusun kula da yawan jama'a. A watan Yulin shekarar ne labari ya fito cewa kayan tazara na kusan dala miliyan 10 da aka saya domin ƙasashe matalauta suna jibge a wani sito a garin Geel na ƙasar Beljiyam, Amurka kuma ta ce ƙona su za ta yi.

Darasin da ke nan shi ne, idan kuɗi suka yi ƙaranci, kuskuren lissafi ya ƙara tsada. Kwalin da ya tsufa a siton wani yanki yayin da maƙwabcinsa ke neman irinsa, asara ce da babu mai cike ta. Dole kuma gwamnati ta ware kuɗin sayen waɗannan kaya a kasafinta, ta sake su a kan lokaci, domin odar da aka makara wata uku wajen biya, wata uku za ta makara wajen isowa.

Abin da Senegal ta koya daga 'yan kasuwa

A shekarar 2012 Senegal ta gwada wata dabara a Pikin, wajen birnin Dakar, da kuma yankin Kawlak. Maimakon a bar ungozoma ta yi lissafi, ta nemi kuɗin mota ta je ɗauko kaya, sai aka ɗauki 'yan kasuwa masu motoci haya, suna zagaya asibitoci kowane wata da kaya a mota. Idan sun iso sai su ƙirga abin da ya rage, su cike gurbin abin da ya fita, su shigar da adadin a na'ura nan take. Asibiti kuma sai bayan ya sayar yake biya. Wannan ita ce hanyar da mai rarraba lemo ko sabulu ke bi da masu kanti. Da aka faɗaɗa tsarin zuwa duk ƙasar, yankewar magungunan tazara a asibitoci ta sauko ƙasa da kashi 2 cikin 100. Amfanin bai tsaya ga isar kaya ba, domin hukuma ta samu adadin gaskiya na abin da ke fita a kowane asibiti, wanda shi ne tushen kowane hasashe.

Abin da ya rataya a wuyan 'yan kasuwa

Idan asibiti ya ce babu, kasuwa ake nufa, kuma a nan ne maganar ta shigo rumfunanmu. Ƙwayoyin tazara da allura da kwaroron roba duk ba sa son zafi da hasken rana. Wanda aka baza a faranti ana yawo da shi a ranar watan Maris, ko ya kwana a bayan mota a kan iyaka, yana iya rasa ƙarfinsa ko da na gaske ne, balle a ce jabu ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2017 cewa ɗaya cikin goma na magungunan da ke yawo a ƙasashe masu tasowa jabu ne ko mara inganci. A Kwatano ne tsohon shugaban Faransa Jacques Chirac ya yi kiran yaƙi da jabun magani a watan Oktoban 2009, kuma a Fabrairun 2017 jami'an tsaro suka kai samame ɓangaren masu magani na kasuwar Dantokpa, suka kwashe tan masu yawa. Tun daga lokacin hukuma ta tsananta a kan sayar da magani ba da izini ba, saboda haka mai wannan sana'a yana jefa jarinsa da 'yancinsa cikin haɗari, ban da alhakin matar da ta sha abin da ba ya aiki.

Akwai kuma wata illa da ba a cika lura da ita ba. Duk matar da ta saya a kasuwa ba ta shiga rajistar kowa ba, don haka masu lissafi a Kwatano ba su san da ita ba, ba kuma za su yi odar rabonta ba. Zuwa asibiti a tambaya, ko da an ce babu, yana da amfani idan ungozoma ta rubuta cewa an nema ba a samu ba.

Ga magidanta masu yawan tafiya da iyali, akwai abubuwan da ya kamata a kiyaye. A riƙe katin asibiti a duk inda za a je, domin kowace ungozoma, a Benin ko Nijar ko Nijeriya ko Togo, ta ga irin allurar da aka yi da ranar da aka yi ta. Allurar wata uku ana iya sake ta ko an makara har mako 4, ta wata biyu kuma har mako 2, amma idan an wuce haka sai ma'aikaciyar lafiya ta duba tukuna. Mai shirin doguwar tafiya tana iya neman a ba ta ƙwayoyin watanni da yawa a lokaci ɗaya, ko ta tambayi ungozoma game da allurar Sayana Press, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince mace ta koyi yi wa kanta. Idan kuma dole sai an saya a waje, a je kantin magani mai lasisi, a duba ranar ƙarewar aikin maganin a jikin kwali.

Daga ƙarshe, kowane asibitin gwamnati a Benin yana da kwamitin gudanarwa da ke da wakilan jama'ar gari, kuma su ne ke sa ido a kan kuɗin magani da sito. Ya kamata sarakunan zango da shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa a Paraku da Jugu su nemi kujera a waɗannan kwamitoci, ko aƙalla su riƙa tambayar wakilansu: kwana nawa aka yi babu allura a watan jiya, an rubuta a kati, kuma yaushe aka aika oda? Mutumin da ya iya sanin buhun albasa nawa kasuwar Arzeke za ta ci kafin Sallah, ba zai rasa gane katin sito ba idan aka ajiye masa a gaba.